Yadda ake binciken lafiyar ƴan mazan jiya: misalin Amurka

Binciken lafiyar ƴan mazan jiya wani tsari ne da gwamnati ko jami'a ke bi don gano halin da tsofaffin sojoji ke ciki bayan sun ajiye kaki. Ana zaɓo wasu daga cikin rajistar soja, a yi musu tambayoyi a takarda, ta waya ko ta intanet, sannan a gwada amsoshinsu da abin da ke rubuce a fayil ɗin asibiti. Tambayoyin kan shafi ciwon jiki, barci, shan taba, shan giya, motsa jiki, da kuma lafiyar ƙwaƙwalwa. Wajen giya akan yi amfani da gwajin AUDIT mai tambayoyi 10 na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Amurka ce ta fi yin suna a wannan aiki, kuma yaƙin Biyetnam ne ya tilasta mata. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar suka shigar da ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda ake kira PTSD, cikin kundin cututtukansu. A 1983 majalisar dokoki ta ba da umarnin a ƙidaya masu fama da shi. Sakamakon da ya fito a 1988 ya nuna kimanin kashi 15 cikin 100 na mazan da suka je Biyetnam suna ɗauke da ciwon a lokacin, kuma kusan kashi 30 sun taɓa yin sa.

Sai dai a wannan shekarar hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta fitar da nata binciken, wanda ya ce masu ciwon a lokacin ba su wuce kusan kashi 2 ba. Yaƙi ɗaya, sojoji iri ɗaya, amma alƙaluma sun yi hannun riga. Babban dalili shi ne ma'aunin da kowane ɓangare ya yi aiki da shi da kuma yadda aka tsara tambayoyin. A 2006 Bruce Dohrenwend da abokan aikinsa suka sake duba bayanan binciken farko, suna gwada su da takardun soja, suka samu kusan kashi 9. Wannan gardama ba ta masana kaɗai ba ce, domin da irin waɗannan alƙaluma ake yanke kuɗin asibiti da diyya.

Bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991 wata matsala ta ɓullo. Dubban sojoji sun dawo suna kukan gajiya, ciwon gaɓoɓi da mantuwa, amma babu cikakken bayani kan lafiyarsu kafin tafiya, don haka da wuya a tabbatar yaƙin ne sanadi. Shi ya sa a 2001 ma'aikatar tsaro ta fara binciken Millennium Cohort da mutum kusan 77,000. Yanzu sun haura 200,000, kuma duk bayan ƴan shekaru ana komawa ga mutanen nan a sake tambayarsu, ko suna bakin aiki ko sun yi ritaya. Birtaniya ta fara makamancinsa a 2003 a kwalejin King's da ke Landan.

Mai karanta irin wannan sakamako ya kula da abu biyu. Ba a ɗaukar mara lafiya aikin soja, saboda haka idan aka kwatanta tsofaffin sojoji da farar hula kai tsaye, illar yaƙi na iya ɓuya. Na biyu, kuma a ganina shi ya fi muni: soja ya saba da daurewa, yana jin kunyar cewa ba ya barci ko yana shan giya fiye da kima, kuma wanda ya rasa matsuguni takardar ma ba ta isa gare shi.

Duk da haka binciken yana sauya doka. A 1991 Amurka ta amince da biyan diyya kan wasu cututtukan da ake alaƙantawa da sinadarin Agent Orange da aka fesa a Biyetnam. A watan Agusta na 2022 shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar PACT, wadda ta faɗaɗa kulawa ga sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afganistan.