Takardar Shaidar Mutuwa: Tarihin Rajistarta da Dokokin Sirrinta a Ƙasar Rijau

Takardar shaidar mutuwa ita ce takardar da hukuma ke bayarwa don tabbatar da cewa wane ya rasu, a wuri kaza, ran kaza. Ita da takardar haihuwa da ta aure su ne ginshiƙan rajistar jama'a. Kowace ƙasa tana da dokar da ta faɗi wanda zai rubuta su, da wanda zai ajiye, da wanda aka yarda ya gani. A wurare irin su Rijau, ƙaramar hukuma a masarautar Kontagora ta Jihar Neja wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum 176,053, tarihin nan ya ɗauki wata kama dabam, domin dokokin kare sirrin takardar sun iso tun takardar kanta ba ta gama shiga gidaje ba.

Kafin zuwan Turawa ba a rubuta mutuwar talaka. Sanin wanda ya rasu yana hannun dangi da mai unguwa da liman, ko dattawan gargajiya a garuruwan Dukkawa da Kambari. Idan rabon gado ya kai gaban alƙali, shaidu ake kira, ba takarda ba. Faɗuwar Kontagora a hannun sojojin Ingila a 1901 ba ta sauya wannan ba sosai, don abin da mulkin En'e ya fi damuwa da shi shi ne jerin masu biyan haraji da jangali. Sunan magidanci yakan fita daga littafin haraji idan ya mutu. Mace da jariri kuwa ba su shiga ba balle su fita.

Dokar rajista ta farko a ƙasar da ta zama Najeriya an yi ta ne a Legas a 1863. Wasu sun biyo baya a 1917 da 1948, amma ƙarfinsu ya tsaya kan birane da baƙi. Sai a 1979 aka yi doka mai lamba 39 da ta wajabta rajista a faɗin ƙasa, sannan doka mai lamba 69 ta 1992 ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa hukumar wannan aiki, amma kuma ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Wannan tufka biyu ce ta sa har yau mutum kan rasa inda zai dosa, sakatariya ko ofishin ƙidaya.

Inda jama'a suka fi ruɗewa kuma shi ne bambancin takardar likita da ta rajista. Takardar da likita ke rubutawa, a ce a babban asibitin Tungan Magajiya ko na Kontagora, bayani ne na abin da ya yi sanadin mutuwa. Takardar rajista kuwa magatakardar Hukumar Ƙidaya ke bayar da ita. Wanda ya rasu a gida bayan asuba, aka yi masa sutura kafin azahar kamar yadda addini ya koyar, ba shi da ko ɗaya. Ba a tunawa da zancen sai bayan sadakar arba'in, ranar da banki ko kamfanin fansho ya ce a kawo shaida. Daga nan sai a shiga neman wasiƙar dagaci da rantsuwar kotu, matar mamacin ma wataƙila ba ta fita takaba ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce kawai ake yi wa rajista a Najeriya.

Taƙaita ganin bayanai ya zo ne daki-daki. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta saba wa ma'aikata da rufe fayil. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ran 28 ga Mayu 2011, ta buɗe ƙofa: kowa na iya neman bayani daga hukuma, a amsa masa cikin kwana 7. Sai dai sashe na 14 ya ce a hana bayanan da suka shafi rayuwar mutum ta kansa, in ba ya yarda ba, ko maslahar jama'a ta fi sirrinsa nauyi. Sashe na 16 ya kare abin da ke tsakanin ma'aikacin lafiya da majinyaci, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara jaddada hakan. An daɗe ana gardama ko dokar 2011 ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a Afrilun 2025 cewa ta hau. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, a Nuwamban shekarar kuma ya ƙaddamar da rajista ta kwamfuta.

Ƙasashen duniya ba su bi hanya ɗaya ba. A Ingila, inda rajista ta fara a 1837, kowa na iya biyan kuɗi ya karɓi kwafin takardar mutuwar kowa. Faransa ta bar littattafan mutuwa a buɗe, ta kulle na haihuwa da aure shekara 75. A Amurka kowace jiha da tata: Tekzas tana rufe takardar mutuwa shekara 25, Fulorida tana ɓoye sanadin mutuwa shekara 50. Tsoron masu damfara da sunan matattu ne ya sa majalisar ƙasar ta taƙaita ganin kundin mamatanta na tarayya a 2013, sai bayan shekara uku da rasuwa.

Hujjar rufewa tana da ƙarfi, kuma Bahaushe ya san darajar rufin asiri. Ciwon da ya kashe mutum yana iya hana 'yarsa miji idan ya bazu a gari. Amma rufewar tana da nata hasara. Sunan mamaci da ba a iya tantancewa yakan zauna a jerin albashi ko a rajistar zaɓe. A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka raba mutane da ƙauyukansu, kamar arewacin Neja, wanda aka kashe a daji ba a rubuta shi ba ya ɓace sau biyu, kuma marayunsa ba su da abin nunawa.

Abin da ya dace shi ne a raba bayanin gida biyu: suna da rana da wuri su zama abin da mai buƙata zai iya tabbatarwa, sanadin mutuwa ya zauna a hannun iyali da likita da kotu. Kafin a kai nan, aikin da ke gaban Hukumar Ƙidaya da ƙaramar hukumar Rijau shi ne su haɗa kai da dagatai da limamai da fastoci, waɗanda babu jana'izar da ke wuce su, a riƙa kai rahoton kowace rasuwa ga magatakarda tun ana zaman makoki.