Daga daddawa zuwa dunƙule: tarihin ɗanɗanon miya a yammacin Zamfara

Tun kafin Anka ta zama mazaunin Sarkin Zamfara a ƙarni na 19, matan wannan yanki sun san abin da ke tayar da miya. Gishiri baƙo ne, fatake ke kawo shi daga Bilma da Foga. Barkono da tumatir da gyaɗa ma baƙi ne, asalinsu nahiyar Amurka, ba su taka Afirka ba sai bayan 1492. Daddawa kuwa 'yar gida ce, a gonakin mutane ɗorawarta take tsaye.

Aikinta ba na raggo ba ne. Da bazara ake sauke ɗorawa, a raba garin da kalwa. Kalwar nan mai taurin tsiya sai ta wuni a wuta, wani lokaci ta kwana, kafin ta yi laushi. A surfa ta a turmi, a wanke ɓawon ya tafi, a sake dafawa, a juye a kwando, a lulluɓe da ganye. Kwana biyu zuwa uku tana rufe, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna narkar da sinadarin gina jiki da ke cikinta, har su saki wani sinadari mai suna gulutamet, wanda shi ne ke ba miyar kuka zurfi. Daga nan a daka, a mulmula, a shanya. Wadda ba ta samu kalwa ba takan yi daddawar batso da 'ya'yan sure. Hugh Clapperton, Baturen da ya isa Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Bello, ya ga wannan aiki a ƙasar Hausa har ya rubuta shi.

A 1908 abubuwa biyu suka faru nesa da Gulbin Zamfara. A Japan, masani Kikunae Ikeda ya tsamo gulutamet daga ciyawar teku, shekara ta zagayo aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, farin magin da muka sani. A Turai kuma kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fito da dunƙule, wanda Nestlé ta gada a 1947. Sannu a hankali farin magi da dunƙule suka biyo motocin kaya har teburan kasuwannin Gummi da Bukkuyum da Nasarawar Burkullu.

A ganina, dunƙule bai zo da sabon ɗanɗano ba. Abin da ke cikinsa shi ne abin da kakanninmu suke fitarwa daga kalwa, sai dai an cika shi da gishiri. Sauƙi ya kawo, kuma ba na ganin laifin uwargidan da ta zaɓi ta ɓare takarda maimakon ta kwana gaban murhu. Ai da yawa ma haɗa su suke yi a tukunya ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne itacen. Ɗorawa takan shekara da yawa kafin ta fara 'ya'ya, gatarin masu gawayi bai bar ta ba, ga rashin tsaro ya hana mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi zuwa gonaki masu nisa. Kalwa ta yi tsada, shi ya sa masu sana'ar da dama suka koma yin daddawa da waken suya.