Majami'ar Ƙasa ta Wusasa, da Mutanen da Suka Riƙe Ta

A lokacin jubili ya kamata mu ƙidaya alherin Ubangiji, mu tuna da waɗanda suka riga mu shiga gonarsa. Saboda haka za mu ba ku labarin wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Zazzau, sunansa Wusasa, da majami'arsa wadda aka gina da ƙasa. Ta kusa shekara 100, ga ta nan tsaye har yau. Duk wanda ya san ginin ƙasa ya san wannan abin tambaya ne, gama soron da ba shi da mai dubawa ba ya daɗewa.

Mafarin Aiki

A shekara ta 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila da abokansu na mishan C.M.S. suka isa Kano. Sarkin Kano Aliyu bai yarda su zauna ba, sai suka juya suka sauka a Girku, ɗaya daga cikinsu kuwa ya rasu a can. A 1905 Likita Mila ya sami wuri cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Nan ya yi ta ba da magani, yana koya wa yara karatu, yana kuma juya Littafi Mai Tsarki da Hausa. Shekaru suka wuce, masu ba da gaskiya kaɗan ne ƙwarai.

Ashe tun kafin zuwan Turawa Allah ya riga ya shirya waɗansu. An yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda cikin karatunsa ya lura da girman da aka ba Annabi Isa, ya kama koya wa almajiransa haka. Wajen 1867 aka kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa suka watse, waɗansu suka nufi Ningi. Su ne a ke kira Isawa. A 1913 samari biyu daga cikinsu suka zo wurin Likita Mila suna neman ƙarin labarin Isa.

Ƙauyen Gimi

Daga wannan zuwa ne aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi cikin 1914. Iyalan Isawa suka tattaru daga wurare dabam dabam, suka share daji, suka kafa gidaje da makaranta da ɗakin sujada. Wanda ya zauna tare da su shi ne Rabaran Thompson, baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya. Ya koya musu matse rake da yin mazarƙwaila, sana'ar da ta bazu a ƙasar Zazzau daga baya. Da safe gona, da yamma karatu, ran Lahadi kowa a masujada.

Amma akwai tsando a rafin wurin. Ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya yi ta ɗaukar manya da yara, a lokacin kuwa ba a da maganinsa sosai. Cikin 'yan shekaru yawancin mutanen suka mutu, sauran aka kwashe su, marayu suka koma hannun mishan a Zariya.  

Tashi Zuwa Wusasa

Hukuma ba ta son zaman mishan cikin birni. Aka daɗe ana magana, a ƙarshe dai cikin 1929 aka tashi zuwa Wusasa, bayan ganuwa, kusa da Dutsen Kufena. Rabaran Guy Bullen ne ya shugabanci wannan tashi. A nan aka kafa makaranta, da asibiti mai sunan Luka, da majami'a mai sunan Bartalamawus. Ba a aika Ingila a kawo fasalinta ba. Da tubali da azara aka gina ta, bisa ga gwanintar maginan Zazzau, waɗanda kakanninsu suka ga Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura bakan gizo na masallacin Jumma'a na birni. Baƙo Bahaushe in ya shiga, ba ya jin ya shiga ɗakin Turawa. A 1932 kuma Littafi Mai Tsarki duka ya fito da Hausa, aka karanta shi a ƙarƙashin rufin ƙasa.

Ragowar Gimi da 'ya'yansu suka zama tushen sabon ƙauyen, waɗansu kuma suka zo daga nesa suka zauna tare da su. Dubi abin da ya fito daga wannan ɗan wuri. Likita R. A. B. Dikko shi ne ɗan Arewa na fari da ya zama likita. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Ishaya Audu, zuriyar Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, a Wusasa ya girma, ya riƙe Nijeriya cikin waɗannan shekaru. A 1997 Wusasa ta sami bishop nata.

Yadda A Ke Raya Ginin Ƙasa

To, me ya ke riƙe irin wannan gini? Maƙiyinsa ruwa ne. Kafin damina sai a hau rufi a duba tsaga, a share indararo don kada ruwa ya kwanta. In azara ta ruɓe a zare ta, a sa ta giginya wadda gara ba ta ci da sauƙi. A cuɗa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana, a cike inda bango ya zaizaye, tun ba gindinsa ba. Sa'an nan a shafe da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Waɗansu su kan so su huta, su lulluɓe bangon ƙasa da siminti. Amma siminti ya kan tsare laima a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye, ran nan sai a ga ya zube.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai gayya. Mata su ɗebo ruwa, samari su taka ƙasa, yara su miƙa, gwanaye su hau bango, tsofaffi su nuna yadda iyayensu suka yi. Wanda ya yi fushi da ɗan'uwansa dole ya karɓi curin ƙasa daga hannunsa. Haka aka gyara ganuwar Urushalima zamanin Nehemiya, kowane gida ya kama wurin da ya ke kusa da shi, kamar yadda sura ta 3 ta lissafta.

Zuwa Ga 'Yan'uwa Na Umdurman

Labarin Wusasa bai tsaya a Zazzau ba. A 1935 aka naɗa Guy Bullen mataimakin Bishop Gwynne na Masar da Sudan, wanda ya fara aiki a Umdurman tun 1899. Bai daɗe ba, cikin Disamba 1937 jirgin sama ya faɗi da shi a kudancin Sudan, ya rasu. Hanyar da ya bi zuwa gabas kuwa Hausawa sun san ta tun dā, gama dubban alhazai sun bi ta, da yawa suka zauna a bakin Nilu, jikokinsu suka yi sana'a a kasuwar Umdurman.

Yaƙin da ya tashi a Afrilu 1923 da ɗari, watau 2023, ya ɓata wannan kasuwa ƙwarai, ya lalata gidaje da masallatai da majami'u, ya warwatsa mutane. Ya ku 'yan'uwa da wannan ya same ku, kun san ginin ƙasa kamar yadda mu ka san shi. Ku tuna marayun Gimi ne suka zama dattawan Wusasa. Ku nemi juna inda ku ka watse, ku riƙe sunayen juna, ku taru don addu'a ko a gindin itace ne. In jama'a tana nan, ƙasa da ruwa ba su ƙare ba.

Mu kuma da mu ke zaune lafiya, kada mu gyara namu ɗakuna mu bar na Ubangiji yana yoyo, gama a kan wannan ne Annabi Haggai ya tsauta wa mutanensa. Kowace ekklesiya ta sa ranar gayya kafin ruwan fari, ta kuma tuna da na Sudan cikin baiko da addu'a. Allah ya ba mu hannu ɗaya a kan aikinsa. Amin.