Ganuwar Surame da Gardamar Asalin Kanta

Wani mai karatu daga Malumfashi ya aiko da tambaya: su manoma kan ci karo da dutsen niƙa da katangar tukwane a tsofaffin kufai idan suna huɗa, to wai Bahaushe ya taɓa yin gini da dutse kuwa, ko duk tubali da jar ƙasa ne?

Ya yi, amma ba ko'ina ba. Tsofaffin garuruwan kudancin Katsina irin su Maska da Gozaki da ƙasa aka yi ganuwarsu, damina kuwa ba ta raga wa ginin ƙasa. Mai son ganin dutse a kan dutse sai ya nufi Surame a jihar Sakkwato, birnin da Kanta Sarkin Kabi ya gina a ƙarni na 16, inda har yau bangayen duwatsu da laka ke tsaye cikin daji. Abin da zai ba mutanen kudancin Katsina sha'awa shi ne, wata ruwaya ta ce mai ginin ɗan ƙasar Katsina ne.

A nan gardamar take. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo cewa Kanta bawan Fulani ne da ya yi ƙarfi ya ƙwace ƙasa. Kabawa kuwa suka ce a'a, a Kuyambana aka haife shi, can kudu maso yammacin ƙasar Katsina ta wancan zamani, uwarsa kuma 'yar sarautar Katsina ce, ya bar gida ne ya bi makiyaya har ya yi suna a dambe da kokawa. Ni dai ruwayar Kabawa ta fi kwanta mini. Bello malami ne mai zurfi, ba a musu, amma ya yi rubutunsa shekara bakwai bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa kuma ba su ajiye makami ba. Mai yaƙi da gida ba shi ne za a tambaya asalin kakan gidan ba. Ga kuma Tarihus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, mutumin Tumbutu, wanda ya riga Bello da shekara fiye da 150: shi ya nuna Kanta a matsayin mai mulkin Leka, wanda ya raka Askiya Muhammadu na Songai yaƙin Agadas, suka ɓata a kan rabon ganima wajen 1516, Songai ta turo runduna ta kasa lanƙwasa shi.

Wanda ya yi wa Askiya tawaye, ga Barno kuma a gabas, dole ya nemi bangon da ba ya zaizayewa. Labarin baka ya ce ƙasashen da ya ci su ya ɗora wa aikin, kowace da nata yanki. Har ana cewa Azbinawa an tilasta musu ɗauko ruwan kwaɓi a kan raƙuma tun daga ƙasarsu, Nufawa kuma da suka makara aka ce su kwaɓa tasu lakar da man kaɗe. Ko da an ƙara gishiri, labarin yana faɗa mana cewa da gumin talakawan wasu ƙasashe aka tara duwatsun nan.

Ajalinsa ma a ƙasar Katsina ya same shi, in ji ruwaya: yana dawowa daga yaƙi da Barno aka harbe shi da kibiya, aka ɗauki gawarsa zuwa Surame.

Bayansa Kabi ta yi ta raguwa, Gobir da Zamfara da Azbin suka taso mata, aka bar Surame wajen farkon ƙarni na 18 aka koma Birnin Kabi. Gwamnatin Najeriya ta sa kufan cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka shigar da shi jerin wuraren da ke jiran amincewar UNESCO.