Ƙarfen uranium a hannun ƙasashen gurguzu, tun kafin su iso Azelik

Tun watan Yunin 2024 da gwamnati ta karɓe lasisin haƙar Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa, tambaya guda ce ke ta dawo mana, daga ƙauyuka da kuma 'yan uwa mazauna Tamanrasset, Sabha da Kano: wa zai gaji wurin? Wasu su ce Rasha, wasu su ce Sin. To, mun ga ya dace mu tattara muku tarihin yadda ƙasashen nan biyu suka yi cinikin uranium da ƙawayensu, zamanin da dukansu ke kan tsarin gurguzu, wato kwaminisanci.

Abin ya samo asali ne daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu. A watan Agustan 1945 Amurka ta jefa wa Hiroshima da Nagasaki bam ɗin nukiliya, kuma galibin uranium ɗin da ta yi aikin da shi daga Shinkolobwe ta ƙasar Kwango aka haƙo shi. Stalin yana da masana, amma ƙarfen da aka sani a cikin Tarayyar Sobiyet lokacin bai taka kara ya karya ba. Sai ya juya ga ƙasashen da sojojinsa suka shiga. Ranar 23 ga Nuwamban 1945 aka ƙulla yarjejeniyar sirri da Cekoslobakiya kan uranium ɗin garin Jachymov. Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulkin ƙasar a 1948, fursunonin siyasa aka riƙa turawa cikin ramukan. Ranar 29 ga Agustan 1949 Sobiyet ta gwada bam ɗinta na farko a Kazakistan.

Inda aka yi haƙa ta fitar hankali shi ne Jamus ta Gabas. Kamfanin ana ce masa Wismut, sunan wani ƙarfe ne dabam, an laƙaba masa don ɓad da sawu. A shekarun farko na Sobiyet ne ita kaɗai, abin da aka haƙo kuma ana lissafa shi ne cikin diyyar yaƙi da Jamus ke biya. Daga 1954 aka mayar da shi na haɗin gwiwa, rabi da rabi. Tsakanin 1946 da 1990 an fitar da uranium kimanin tan 230,000 daga can. Ku riƙe wannan adadin, don abin da ake ƙiyasta yana kwance a Imouraren kimanin tan 200,000 ne. Wato Imouraren guda cur, har da ɗori, aka kwashe cikin shekara 44.

Ma'aikatan Wismut ba su yi kukan albashi ba. Suna da kuɗi fiye da sauran ma'aikata, da kantunansu, da asibitocinsu, da ƙarin abinci lokacin da jama'a ke layi. Amma a farkon aikin ana huda dutse a bushe, ba ruwan kashe ƙura, ba isasshiyar iska a ƙarƙashin ƙasa. Ƙurar da iskar radon suka zauna a ƙirjin mutane, daga baya hukumomin Jamus suka amince cewa dubbansu sun kamu da sankarar huhu da ciwon ƙura ta dalilin aikin. Da aka haɗe Jamus, Sobiyet ta miƙa kasonta a 1991 ta kama gabanta, ba ta ɗauki ko sisi na kuɗin gyaran wurin ba. Gwamnatin Jamus ta kashe sama da Yuro biliyan 6 wajen rufe ramuka da tsabtace ruwa, kuma har yau ba a gama ba. Mutanen Akokan ba sai an fassara musu wannan ba: COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tudun tarkace na kimanin tan miliyan 20.

A Hungari ma an haƙa, kusa da garin Pécs. Cikin buƙatun da ɗalibai suka rubuta a watan Oktoban 1956 har da cewa a bayyana wa jama'a yawan uranium ɗin ƙasar da sharuɗɗan da aka ba Rashawa, a kuma bar Hungari ta sayar da shi a farashin kasuwar duniya. Ranar 4 ga Nuwamba tankokin Sobiyet suka shiga Budapest.

Sai dai mu yi adalci, ba kwasa kawai aka yi ba. Ƙarƙashin ƙungiyar cinikinsu ta Comecon, wadda aka kafa a 1949, Mosko ta riƙa ba ƙawayenta man fetur da sauƙi, da injuna, ta kuma gina musu tashoshin lantarki na nukiliya. Ta Paks a Hungari, da ta fara aiki a 1982, har yanzu ita ke ba ƙasar kusan rabin wutar da take samarwa. Amma aikin inganta ƙarfen ya zauna a hannun Sobiyet: a ɗauke shi daga gare ka, a sarrafa shi can, a dawo a sayar maka da shi makamashi. Mu nan kuwa wutar Arlit da Agadas daga gawayin SONICHAR na Cirozerin take zuwa, shekara da shekaru.

Labarin Sin ya sha bamban. Sojojinta sun shiga yaƙin Koriya a watan Oktoban 1950, da yawa daga makaman da Sobiyet ta ba ta kuma bashi ne, wanda ba ta gama biya ba sai 1965. Bayan yaƙin Mosko ta taimaka mata da manyan ayyukan masana'antu 156. A 1955 suka amince su nemi uranium tare a cikin ƙasar Sin, a watan Oktoban 1957 kuma Nikita Khrushchev ya yi alkawarin ba ta samfurin bam. Da dangantaka ta yi tsami, ya janye alkawarin a watan Yunin 1959, a 1960 ya kira ƙwararrunsa gida, su fiye da dubu, aka bar ayyuka a tsaye. Sinawa suka ƙarasa da kansu. Sun gwada bam ɗinsu ranar 16 ga Oktoban 1964, suka sa masa lamba 596, wato shekara ta 59 wata na 6, don kada su manta da watan da aka juya musu baya.

Duk wannan lokacin ƙarfenmu na ɗaya ɓangaren yake. Faransawa masu neman tagulla ne suka ci karo da shi a Azelik a 1957, aka gano Imouraren a 1966, SOMAÏR ta fara fitarwa a 1971. Yarjejeniyar tsaro ta watan Afrilun 1961 ta ba Faransa fifiko kan irin waɗannan ma'adinai. Hannun ƙasashen gurguzu a Nijar ta siyasa ya fara shigowa: wasu 'yan Sawaba ta Jibo Bakari sun samu horon soja a Sin, kafin hare-haren da suka kai a 1964. Gwamnatin Diori Hamani da Taiwan take hulɗa. Sai a watan Yulin 1974, wata uku bayan juyin mulkin Seyni Kunce, Yamai ta ƙulla da Bejin. An raba gari a 1992, aka sake shiryawa a 1996.

A 2007 aka kafa SOMINA tare da Sinawa a Azelik, wajen Ingal. Babban mai hannun jari shi ne CNNC, kamfanin gwamnatin Sin da ya gaji ma'aikatar nan da ta ƙera bam ɗin 1964. A watan Yulin wannan shekara 'yan tawayen MNJ suka kama wani jami'in Sinawan, suka sake shi bayan 'yan kwanaki. An fara fitar da ƙarfe a ƙarshen 2010, ana sa ran tan 700 a shekara, amma bai cika shekara biyar ba aiki ya tsaya, farashi ya faɗi bayan haɗarin Fukushima na 2011. Faɗuwar nan ce ta tsayar da Imouraren ma, inda Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashi a watan Mayun 2009 da alkawarin tan 5,000 a shekara.

Ita Rasha ta bar gurguzu tun rugujewar Sobiyet a watan Disamban 1991, harkar nukiliyarta yau na hannun Rosatom. Sojojinta masu horarwa sun sauka Yamai a watan Afrilun 2024.

Ga masu son kwatanta kason ƙasa: a SOMINA Nijar na da 33 cikin 100, a kamfanin Imouraren na 2009 ma kusan haka. A Wismut Jamus ta Gabas na da 50 cikin 100, amma mai saye ɗaya ne tal, kuma Mosko ce.