A Christmas Carol: Labarin marowacin da fatalwowi suka sauya wa hali

A Christmas Carol gajeren littafi ne da marubucin Ingila Charles Dickens ya wallafa a Landan ranar 19 ga Disamban 1843. Kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare kafin ranar Kirsimeti, kuma sunan jarumin labarin, Scrooge, ya zama laƙabin kowane marowaci a harshen Ingilishi.

Me labarin ya ƙunsa?

Ebenezer Scrooge attajiri ne mai ba da rance, wanda ba ya ci da dukiyarsa, ba ya kuma bari a ci. Yana biyan magatakardansa Bob Cratchit sule 15 a mako, yana kuma yi masa ƙwauron gawayin ɗumama ofis a tsakiyar hunturu. Da masu neman taimako ga talakawa suka zo wurinsa, sai ya sallame su da cewa akwai kurkuku da gidajen aikin dole da aka tanadar wa irinsu.

A daren jajibirin Kirsimeti, fatalwar abokin kasuwancinsa Jacob Marley, wanda ya rasu shekara bakwai da suka wuce, ta bayyana gare shi tana jan sarƙa da aka ƙera da akwatunan kuɗi da makullai da kwaɗuna da littattafan lissafi. Mai karatu Bahaushe zai iya tuna Ƙaruna, wanda makullan taskokinsa kaɗai kaya ne ga ƙarfafan maza.

Marley ya gargaɗe shi cewa wasu fatalwowi uku na tafe. Ta farko ta mayar da shi ƙuruciyarsa, ya ga kaɗaicin da ya sha a makarantar kwana, da budurwarsa Belle da ta rabu da shi saboda son kuɗi. Ta biyu ta kai shi gidan Cratchit, inda ƙaramin ɗansa Tiny Tim, gurgu mai dogara sanda, ke fama da ciwo. Ta uku ba ta ce uffan ba: ta nuna masa mutuwar Tim, da gawar wani mutum da aka wawashe kayansa ba wanda ya yi masa kuka, sannan ta nuna masa sunansa a kan kabari.

Babu ɗaya daga cikinsu da ta taɓa lafiyarsa ko dukiyarsa. Rayuwarsa kawai suka baje masa a gaba. Da gari ya waye ya aika wa iyalan Cratchit ƙaton talotalo, ya yi alƙawarin sadaka, ya ziyarci Fred ɗan 'yar'uwarsa, washegari kuma ya ƙara wa magatakardan albashi.

Me ya sa Dickens ya rubuta shi?

Dickens ya san talauci tun yana yaro. A 1824 aka tsare mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 ya shiga aikin liƙa takarda a jikin kwalaben man goge takalmi.

A farkon 1843 ya karanta rahoton wata hukumar gwamnati kan yadda ake bautar da ƙananan yara a masana'antu. Ya yi niyyar rubuta ƙasidar suka, daga baya ya ga labari zai fi ratsa zukata. Ya fara rubutun a watan Oktoba bayan wani jawabi da ya yi a Manchester, ya kammala cikin kimanin mako shida.

Fushinsa ya fi fitowa a wurin da fatalwa ta biyu ta nuna wasu yara biyu ramammu, namijin sunansa Jahilci, macen Fatara, ta ce 'ya'yan ɗan'adam ne, kuma a fi jin tsoron namijin.

Tasirinsa

Littafin bai kawo wa Dickens kuɗin da ya sa rai ba. Tsadar bugu da zane-zanen John Leech masu launi sun sa ribarsa ta farko ta tsaya a fam 230. A Janairun 1844 aka buga kwafin sata. Ya yi nasara a kotu, amma masu satar suka ce sun karye, kuɗin shari'a ya dawo kansa.

Daga 1853 ya fara karanta labarin a bainar jama'a a Birmingham, ya ci gaba har 1870, shekarar rasuwarsa. An mayar da shi fim tun 1901, sai na Alastair Sim a 1951 da na Disney a 2009.

Masana tarihi na ganin littafin ya taimaka wajen mayar da Kirsimeti lokacin iyali da kyauta da duba marasa galihu. Bikin ya kai har birane irin su Kuala Lumpur, inda ranar take ranar hutu duk da Musulmi ne mafi rinjaye a Malesiya, manyan kantuna kuma kan sha ado a Disamba. Sai dai tuban Scrooge bai tsaya ga sayayyar rana ɗaya ba: ya ɗauki nauyin iyalan ma'aikacinsa, kuma Tim bai mutu ba.