Gano Cuta da Wuri da Ceton Rai: Yadda Likita Zai Auna Binciken Tantance Masu Lafiya

Gabatarwa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma da wannan fahimta ce likitoci da yawa ke karɓar duk wani gwajin gano cuta da wuri hannu bibbiyu. Sai dai gwajin tantancewa ya sha bamban da wanda ake yi wa majinyaci. Majinyaci shi ke kawo kukansa asibiti. A tantancewa kuwa likita ne ke kiran mutum da lafiyarsa garau, ya yi masa alkawarin alheri, don haka nauyin kawo hujja yana wuyan likita. Tun a 1968 Wilson da Jungner suka tsara wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗa goma na tantancewa, ciki har da sanin yadda cutar ke tafiya da samuwar maganinta. Matsayin wannan maƙala shi ne, babban ma'aunin irin wannan bincike shi ne raguwar mace-mace, sauran alƙaluma duka suna iya yaudarar mai karatu.

Tarko uku

Tarko na farko shi ne ratar lokaci. A ɗauka mutum zai rasu da ciwon daji yana da shekara 70. Idan alamu ne suka kai shi asibiti yana da 67, za a rubuta ya rayu shekara uku bayan gano cutar. Idan gwaji ya gano ta yana da 60, za a rubuta shekara goma, alhali ranar rasuwarsa tana nan inda take. Abin da ya ƙaru kawai shi ne shekarun da ya yi da sunan mai ciwo. Duk rahoton da ya kafa hujja da yawan waɗanda suka kai shekara biyar bayan ganowa, to a yi hattara da shi.

Na biyu shi ne saurin cuta. Ƙari mai tafiyar hawainiya yakan daɗe a jiki ba alama, sai gwajin shekara-shekara ya riske shi. Mai zafin yaɗuwa kuwa yakan ɓulla tsakanin gwaji da gwaji. Ke nan waɗanda gwaji ya kama tun asali su ne masu cuta mai sauƙi, dole a ga sun fi daɗewa.

Na uku, wanda ya fi muni, shi ne gano cutar da ba za ta taɓa cutar da mai ita ba. A 1999 Koriya ta Kudu ta fara shirin tantance ciwon daji na ƙasa. Kansar tayirod, wato halittar gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, ba ta cikin shirin, amma asibitoci suka riƙa ƙara hoton wuya a kan kuɗi kaɗan. Zuwa 2011 yawan gano cutar ya ninka na 1993 sau 15, adadin masu mutuwa da ita kuwa bai motsa ba. Dubban mutane aka yi wa tiyata, suka koma shan magani har ƙarshen rayuwa, wasu muryarsu ta lalace. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Ma'aunin da ya dace

Maganin waɗannan tarkuna shi ne a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a tantance rukuni ɗaya, a bar ɗayan, sannan a ƙirga mamata a kowane rukuni baki ɗayansa. Ƙuri'a tana kuma kawar da wata matsalar: masu kai kansu gwaji galibi sun fi kula da lafiyarsu tun farko. A binciken huhu na Mayo a Amurka, wanda aka fara a 1971 kan maza masu shan taba fiye da 9,000, hoton ƙirji da gwajin majina sun gano kansa 206, rukunin kwatanci kuma 160, amma mutuwa ba ta ragu ba. Haka binciken kansar ƙwan mace a Birtaniya, mai mata sama da 200,000, ya ruwaito a 2021 cewa an ƙara gano cutar a matakin farko ba tare da an rage mutuwa ba.

Wannan ma'aunin shi ne kuma ke wanke gwaji na gari. A gundumar Osmanabad ta Indiya, binciken da aka buga a 2009 kan mata fiye da 130,000 ya nuna gwajin ƙwayar HPV sau ɗaya tak ya rage mutuwa da kansar bakin mahaifa da kusan rabi.

Lissafin riba da hasara

Ko da gwaji ya rage mutuwa, sai likita ya tambaya: mutum nawa za a gwada kafin a ceci ɗaya, kuma nawa za a wahalar? Wani binciken kansar huhu mai suna NLST, da aka buga a 2011, ya nuna hoton CT mai ƙarancin tururi ya rage mutuwa da kansar huhu da kashi 20 cikin ɗari. Ma'anarsa a aikace ita ce sai an gwada kimanin mutum 320 kafin a hana mutuwa ɗaya, kuma kashi 96 cikin ɗari na sakamakon da ya nuna alamar cuta ƙarya ne. Mahalartan kuwa manyan mashaya taba ne masu shekara 55 zuwa 74, saboda haka ba a ɗora sakamakon a kan matashin da bai taɓa busa sigari ba.

Kammalawa

A garuruwanmu ana yawan shirya duba lafiya kyauta a kasuwanni da makarantu, kuma niyyar masu yi kyakkyawa ce. Amma matar da aka gano mata alamar kansar bakin mahaifa, aka sallame ta ba inda za a yi mata magani, fargaba kawai aka ƙara mata. Ina kira ga likitoci da malaman jinya, kafin su amince da kowane rahoton tantancewa su tabbatar an yi ƙuri'a, an ƙirga mamata, an bayyana cutarwar da gwajin ya jawo, mutanen da aka gwada sun yi kama da nasu, kuma akwai magani a kusa. Lafiyayyen da ya amsa kiranmu amana ce ya ba mu, haƙƙinsa ne mu faɗa masa riba da hasarar gwajin kafin mu yi masa.